Kofi Mai Jan Zare

Tun da Rahmatu ta fara soyayya da Sirajuddeen ba ta taɓa jin ya ce wa wani mahaluki a'a ba. In mahaifiyarsa ta ce gabas ya ce to, in Rahmatu ta ce yamma ya ce to, sannan ya koma gefe ya dafe kai yana neman hanyar da zai bi gabas da yamma a tafiya ɗaya. Da farko halin ya burge ta, don mijinta na fari ko gaisuwa aka yi masa sai ya ja musu. Yanzu kuwa halin ya ishe ta har wuya.

Ranar da abin ya fashe tana bayan gidan Habiba a Kalgo, tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar gumi. Su biyar ke da tukunyar, ƙatuwa ce ta ƙarfe. Su sayo shinkafa mai ɓawo daga fadama, su jiƙa, su turara, su shanya, su kai inji, ranar kasuwa kowa ta ɗauki rabonta. Hayaƙi ya cika mata ido ke nan sai ga Malama Rut ta sauko daga kabu-kabu. 'Yar Zuru ce, ita ce jami'ar ƙungiyar da ta ba su jarin.

"Amarya, ashe haka za ki yi mana? Ko sallama babu?"

Rahmatu ta yi dariya, ta zaci tsokana ce. Amma Malama Rut ba ta yi dariya ba. Ta ce jiya wani mutum ya zo ofis ya biya duk abin da ya rage na bashin Rahmatu, ya ce a cire sunanta daga ƙungiya, aure za ta yi.

Nan take zuciyar Rahmatu ta tafi kan Alhaji Abdulbaƙi, dillalin shinkafar da ya ƙi ya daina aike gidansu. Har ta fara haɗa zagin da za ta aika masa.

"Ba Alhaji ba ne," in ji Malama Rut. "Wani dogo ne siriri, hannunsa duk baƙin mai. Yana ta ba kowa haƙuri, har mai gadi sai da ya ba shi."

Rahmatu ta saki iccen da ke hannunta. A duk faɗin Kebbi mutum ɗaya ne zai shiga wuri da kuɗinsa ya fito yana ba da haƙuri, kuma injin ban-ruwa yake gyarawa a Gwandu.

Sauran matan suka dubi juna. Kowa ta san abin da wannan ke nufi. Dokar ƙungiya ce, sai mata biyar sun tsaya wa juna ake ba da jari, in suka ragu ba za a sake ba su ba. Kuma a Kalgo ba wadda za ta yarda ta cike gurbin, saboda Habiba. Gari duk ya san Habiba na ɗauke da ƙanjamau, mijinta ne ya bar mata ya tafi lahira. Su huɗu sun daɗe suna neman ta biyar, gida-gida, ana ba su ruwa ana sallamar su, kafin Rahmatu ta ce ita za ta shiga.

Ta dubi Habiba. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana juya shinkafa a kan tabarma kamar ba da ita ake ba. Abin ya ƙara ƙona wa Rahmatu rai.

Ta ce wa Malama Rut kada ta kuskura ta taɓa sunanta. Malama Rut ta ce dama ba ta taɓa ba, ba a cire mace sai da bakinta, kuɗin na nan a ajiye in tana so ta karɓa ta mayar wa mai su.

*

A gida ta tarar da Inna cikin murna, har ta sa an sayo goro. Ashe tun jiya Sirajo ya bugo mata waya ya gaya mata, ita Rahmatun ce kawai ba a ga dama a gaya wa ba.

"Ke ɗiyag ga, mi kika so kuma? Yaro ya sai da mashin nai ya hid da ke cikin bashi, kin shigo min kina huci awa kububuwa."

"Mashin?"

Rahmatu ta nemi bakin gado ta zauna. Wannan mashin ɗin da shi yake bin fadamu yana gyaran inji, da shi yake zuwa zance tun daga Gwandu.

Inna ta ci gaba. Ta ce mutanen Gwandu ba su nemi wani abu mai wuya ba. Hajiya Luba, uwar Sirajo, magana ɗaya ta yi, ba za a kawo goron tambaya ba muddin Rahmatu na cin abinci kwano ɗaya da mai wannan ciwon. Ta ce bazawara ba ta da wannan yangar, samari ba sa jira. In kuma ta kori Sirajo, to ga Alhaji Abdulbaƙi nan bai gaji ba, gida a Birnin Kebbi, mota, ko tsinke ba za ta ɗaga ba.

Da jin sunan Alhajin sai hawaye suka zubo wa Rahmatu.

Akwai abin da ba ta taɓa gaya wa Inna ba. Bayan mutuwar aurenta, lokacin da sabulun wanka ma sai ta jira wanda zai zo zance ya ajiye mata wani abu a gefen tabarma, ta taɓa zuwa sitonsa neman bashin rabin buhu. Ya ce buhu guda ma kyauta ne, sai dai ta dawo in yaransa sun tashi. Ta fito ba ta karɓi komai ba. Abin da har yau ke tsorata ta shi ne ta kai mako tana tunanin komawa, don a gidan ba abin da za a dafa. A makon ne Habiba ta yi sallama tana neman ta biyar.

"Inna, kin san dalilin da yas sa na iya ce ma Alhaji shi tahi asibiti a gwada shi kahin shi ƙara aiko min? Don ina da kuɗɗin sabuluna. Da ba tukunyag ga, da ban da bakin hwaɗin haka."

Inna ta taɓe baki ta ce ai ga shi nan Alhajin ya yi fushi, ya ce shi ba a tuhumar sa. Rahmatu ta ce shi ya sani.

Wannan dokar gwajin ma ba ta ofis ba ce, matan ne suka kafa wa kansu bayan Malama Rut ta yi ta yi musu bayani a taron mako. Duk wadda za ta yi aure a cikinsu, ita da manemin su je tare a gwada su. Sirajo bai yi musu ba, dama ina ya iya. Ya bi ta har asibiti, ya ga allura ya runtse ido yana salati, ma'aikaciyar na dariya. Dukkansu lafiya lau. An kai wa Hajiya Luba labari, ta ce ita ba ruwanta da gwajin jiya, gobe take ji.

Inna ta share mata hawaye da gefen zane, ita ma idonta ya cika. Ta ce ba ƙin Habiba take ba, tsoro take ji kada ta mutu ta bar ɗiyarta a ɗakin nan. Suka yi kukansu mai isarsu, ba wadda ta sauya ra'ayi.

*

Bayan la'asar aka ce ana sallama da Rahmatu. Ta fito zaure ta tarar da shi zaune a kan tabarma, ƙafafunsa furu-furu don daga tasha ya tako. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, yana ta murmushi irin na wanda ke jiran a yaba masa.

Ta gaishe shi a tsaye.

"Malam Sirajo, mi kaj je yi ohis ɗinmu?"

Da ya ji an sa masa Malam ya san akwai magana. Ya gyara zama ya ce ai alheri ne, so ya yi ya ba ta mamaki. Ya ce ya kwana biyu yana tunani, Hajiya ta rantse, ita kuma Rahmatu ta ce ba za ta gudu da bashin mutane a kanta ba, shi ne ya ga in ya biya kowa ya huta.

"Na hwanshe ki, Rahma. Yanzu ba mai bin ki komi."

"Wa yac ce ma jinginar da ni anka yi?"

Murmushin ya ɓace. Ta zauna a can ƙarshen tabarma ta yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ce bashin nan ita ta ɗauka da hannunta, ita ke biya da guminta, kuma ba ta taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar ranar da take miƙa kason mako ba. Ta ce in ta fita tukunya ta mutu. Mata huɗu za su koma zaman jiran hannun maza, ɗaya a cikinsu da marayu uku.

Ya ce wallahi bai yi wannan tunanin ba. Ta ce ta sani, ai da ya yi da bai sayar da abin hawansa ba. Ta tambaye shi da me zai riƙa zuwa fadama, ya ce Allah zai kawo. Ta tambaye shi da me zai ciyar da ita in an yi auren tunda ya kashe sana'arsa ya kashe tata, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Alhaji ma cewa yay yi zai biya min komi in zauna. To mine ne bambancinku?"

Tana faɗa ta yi nadama. Ya ɗago ya dube ta, idonsa ya yi ja. Bai ɗaga murya ba, bai iya ba.

"Shi sayen ki shika so. Ni tsoron rasa ki nika yi."

Nan kuka ya ƙwace mata. Son mutumin nan take yi, so na gaske, shi ya sa haushinsa ke kai mata har ƙashi. Da wani ne da tuni ta tashi ta bar masa tabarmar.

Ya ce ta yi wa Hajiya uzuri, hankalinta ba kwance yake ba tun da yayarsa Sumayya ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ba ta da lafiya, an ce iska ce, ko tsakar gida ba ta cika fitowa ba. Ya ce baffanninsa sun shirya, ranar Juma'a za su zo in dai ta fita daga ƙungiyar. Ta ce to ya je ya gaya wa Hajiya ba za ta fita ba. Ya ce to. Ta ce ya karɓi kuɗinsa ya fanso mashin. Ya ce to. Ta san sarai in ya isa Gwandu Hajiya ta yi magana, to ɗin nan dai zai sake cewa.

*

Washegari da safe Habiba ta ja ta gefe, bayan tarin buhuna. Mace ce kakkaura mai ƙarfi, ita kaɗai ke ɗaga buhu ta aza a baro, wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa tana shan magani ba.

Ta ce ta yi tunani ta samo mafita. Ita za ta fita. In ta fita mata za su yi rububin shiga, Hajiya Luba ba ta da sauran abin faɗa, Rahmatu ta riƙe tukunya ta riƙe miji.

Rahmatu ta tsaya tana kallon ta. Wato jiya wani ya yanke mata hukunci don yana son ta, yau ga wata ta zo da nata.

"Yaya Habiba, ke da kinka tara mu? In kin hita ki ci mi? Ɗiyanki su ci mi?"

Habiba ta ce ta saba. Ta ce a gidan mijinta har zare ja suka ɗaura wa kofinta don kada wani ya yi kuskure ya sha, ta zauna haka ba ta mutu ba. Wannan labarin kofin Rahmatu ta sha jin sa, kullum kuma sai ya tayar mata da hankali. Yau kam sai ya tayar mata da zuciya.

Ta kakkaɓe zanenta ta nufi ofis. Ta karɓi kuɗin Sirajo a baƙar leda, ta auni gumi mai kyau a ƙaramin buhu, ta shiga motar Birnin Kebbi, daga can ta sauya ta Gwandu. Ba ta gaya wa Inna ba, don ta san abin da za ta ce. Wace mai kunya ce ke kai kanta gidan surukai tun ba a kawo goro ba? A mota ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar ya fi a ƙirga, amma ba ta sauka ba.

*

Gidan bai yi wuyar samu ba, tsofaffin injinan ban-ruwa ne jibge a ƙofa. Sirajo na tsugune a cikinsu da sifana a hannu. Da ya gan ta sai ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe. Ta miƙa masa baƙar ledar, ta yi sallama ta shige.

Hajiya Luba na zaune a inuwar ɗaki tana tsinke zogale. Farar tsohuwa ce mai tsabta, irin waɗanda ko tabarmarsu ba a takawa da takalmi. Rahmatu ta durƙusa nesa ta gaishe ta, ta faɗi sunanta. Hannun Hajiya ya tsaya cak.

Ta amsa gaisuwar a taƙaice. Ta dubi buhun gumin ta ce a bar shi nan bakin zaure. Duk da haka ba a barin baƙo ba ruwa, ko da wanda ba a so ne. Ta tashi ta nufi randa. Kofuna na jere a kan faifai, ta kai hannu ta janye. Ta ɗan yi jim, sannan ta zagaya bayan randar ta ɗauko wani da ke rataye shi kaɗai a ƙusa, ta ɗebo ruwa da moɗa ta tsiyaya daga sama, ta ajiye a ƙasa ta tura mata.

Rahmatu ta kai hannu, sai ta ga zare ja ɗaure a mariƙin kofin. Ba sabo ba ne, ya sha wanki har ya koɗe.

Ba don ita aka ɗaura zaren nan ba, ba wanda ya san za ta zo. A gidan nan akwai mai wannan kofin.

Ta faɗi abin da ya kawo ta, kanta a ƙasa. Ta ce tana son Sirajo, tana kuma girmama Hajiya, amma ba za ta bar tukunya ba, ba za ta bar Habiba ba. Ta ce ciwon nan ba a ɗaukarsa a kwano ko a kofi, da ana ɗauka da ita ce ta farko, ga shi an gwada ta. Ta ce Habiba na shan maganinta kullum, ƙarfi gare ta kamar namiji.

Hajiya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce lallai an gaya mata 'yar Kalgo ba ta da kunya, yau ta gani. Ta ce gidanta gidan mutunci ne, ba a taɓa nuna shi da baki ba, kuma ba za a fara daga kan amarya ba.

"Tunda kin zaɓi tukunya, ki tahi ki aure ta. Ɗana ba shi da mata Kalgo."

Sirajo na tsaye a bakin zaure da leda a hannu. Rahmatu ta dube shi. Ya dubi uwarsa, ya dube ta, leɓensa na motsi. Ta san kalmar da ke shirin fitowa. Shi ke nan, ta rasa shi.

Ƙishirwa kuwa na damun ta tun daga tasha. Ta ɗauki kofin ta yi bisimilla ta kafa kai.

"Ke, aje shi!"

Hajiya ce ta yi tsawar, har ta yunƙura za ta fizge. Ita da ta ba da kofin da hannunta, sai da ta ga an kai baki tsoro ya kama ta. Rahmatu ta sha rabi ta sauke, ta dubi tsohuwar ido cikin ido a karon farko.

Labulen ɗakin ƙurya ya motsa. Wata doguwar mata ta fito tana dafa bango, kamarta ɗaya da Sirajo, sai dai ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Hasken rana ya sa ta ƙanƙance ido.

"Sumayya, koma ciki," in ji Hajiya, muryarta ta sauka.

Sumayya ba ta koma ba. Ta tako a hankali ta zauna a ƙasa kusa da Rahmatu, tana kallon kofin.

"Nawa na," ta ce. "Tun da nid dawo gidan ga ba wanda yat taɓa shi sai ke."

Sumayya ta ce ba iska ba ce, ita ta sani, Hajiya ta sani, tun a asibitin da mijinta ya rasu aka gaya musu. Hajiya ta hana ta zuwa karɓar magani don kada wani ɗan Gwandu ya gan ta a layi, sai rubutu da jiƙo ake ta ɗura mata. Ta juyo ta tambayi Rahmatu ko da gaske ne matar nan Habiba na ɗaga buhu.

"Ita ɗai, ba mai kama mata."

"Kuma kuna ci tare?"

"Kwano guda. Ta ma hi mu loma."

Sumayya ta yi wata 'yar dariya wadda ta rikiɗe ta zama kuka. Rahmatu ta kama hannunta, ƙashi ne zalla. Ta ce mata a Kalgo ba wanda ya san ta, Habiba ta san hanyar asibiti ta san ma'aikatan, ɗakin Inna kuma zai ɗauki mutum uku. Ba ta tambayi Inna ba, ta dai san za a yi faɗa a gama.

Hajiya Luba ta zame ta zauna a kan turmi, zogalen ya watse a ƙasa. Kuka take yi ba sauti. Ta ce ita rufin asiri take nema wa ɗiyarta, me ta yi na laifi? In aka ji, wa zai ƙara shigowa gidan nan, wa zai ci abincinsu? Rahmatu ta ji tausayinta ya kama ta duk da haushin da ke cinta, don tsoron nan ta san shi, irin na Inna ne.

Sai a lokacin ta tuna da Sirajo. Ya shigo tsakar gida, fuskarsa jiƙe. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane bai sani ba. An ce masa iska ce, ya ce to.

"Sirajo," in ji Hajiya, "mai da yayarka ɗaki, ka raka baƙuwag ga tasha."

Ya tsaya. Rahmatu ta kawar da kai, ba ta son ta ji.

"A'a, Hajiya."

A hankali ya faɗa, kamar mai gwada sabon takalmi. Ya durƙusa gaban uwarsa ya ce ta yafe masa, amma yau Yaya Sumayya za ta ga likita, ranar Juma'a kuma baffanninsa za su je Kalgo, ko da shi kaɗai zai ɗauki goron a ka. Ya juyo ya ce wa yayarsa ta ɗauko hijabinta, shi zai kai su yanzu-yanzu.

Rahmatu ta share ido da bayan hannu. Daɗi ya cika ta har tana jin jiri, amma haushin jiya bai gama sauka ba.

"Da wane mashin za ka kai mu?"

Ya dubi baƙar ledar da ke hannunsa, ya sosa ƙeya. Sumayya ta sake yin dariya cikin hawaye, ta dafa kafaɗar Rahmatu ta miƙe.

Hajiya ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake cewa a koma ɗaki ba. Tana nan kan turmi har suka kai bakin zaure, Sumayya a tsakiyarsu. Can suka ji muryarta a dishe.

"Ke 'yar Kalgo."

Rahmatu ta waiwayo. Tsohuwar ta ɗauki kofin daga ƙasa ta riƙe shi da hannu biyu, tana ƙoƙarin kwance zaren da farce, ƙullin ya ƙi.

"Idona ba shi gani," ta ce. "Zo ki kwance min."